Howard Temin: Mutumin da aka yi wa dariya shekara shida, ashe shi ke da gaskiya

Yau tarihi za mu taɓa, amma bari mu fara da wani lissafi mai ɗaure kai.

A cikin kusan kowace ƙwayar jikinka akwai wani dogon rubutu da ka gada daga mahaifinka da mahaifiyarka. Shi ne DNA ɗin nan da kuke ji ana cewa an tafi gwaji idan rigimar uban ɗa ta taso. Haruffansa sun kai biliyan 3. To kusan kashi 8 cikin 100 na wannan rubutu asalinsa na ƙwayoyin cutar bairos ne, waɗanda suka shiga jikin kakannin kakanni tun zamanin da ba a san ranarsa ba, suka yi zamansu, ake ta gadonsu har yau. Ni da kai da ke, kowa yana ɗauke da su.

Ta yaya bairos zai kutsa cikin gadon mutum har ya zama ɗan gida? Wanda ya fara gano hanyar wani Ba'amurke ne, Howard Temin. Da ya faɗa, abokan aikinsa sun ɗauka ya zare.

Yaron da ya taso da son bincike

An haifi Howard Martin Temin ranar 10 ga Disamba, 1934, a birnin Filadelfiya na Amurka, a gidan Yahudawa. Mahaifinsa Henry lauya ne, mahaifiyarsa Annette kuma tana cikin masu fafutukar gyara harkar ilimi a garinsu. Shi ne na tsakiya cikin maza uku. Wansa ya bi sahun uban ya zama lauya, ƙanensa Peter ya zama sanannen masanin tarihin tattalin arziki.

Tun yana sakandare, idan aka yi dogon hutu, yakan tafi wata cibiyar bincike mai suna Jackson a jihar Maine, inda ake koya wa ɗalibai yadda ake nazarin gado da ciwon daji a jikin ɓeraye. Daga nan ya shiga kwalejin Swarthmore ya karanci ilimin halittu, ya gama a 1955. Sai ya wuce jami'ar Caltech da ke Kalifoniya, ya faɗa hannun wani malami ɗan asalin Italiya, Renato Dulbecco, gwani wajen renon bairos a ɗakin gwaje-gwaje.

A nan ne Temin ya haɗu da bairos ɗin da zai ci rayuwarsa gaba ɗaya. Kuma ba za ku yarda ba, bairos ɗin kaji ne.

Labarin kazar Rous

Tun a 1911 wani likita a birnin New York, Peyton Rous, ya yi wani gwaji da kaza mai ƙari a ƙirji. Ya niƙa ƙarin, ya tace ruwan da matacin da ko ƙwayar bakteriya ba ta iya wucewa, ya yi wa lafiyayyun kaji allurarsa. Sai ga su da irin wannan ƙari. Ma'ana akwai wani abu ƙanƙani ƙwarai da ke haddasa kansa, kuma ana iya ɗaukarsa daga wannan kaza zuwa waccan. Masana na lokacin ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba, wasu na ganin ai matsalar kaji ce, ina ruwan mutum. Sai a 1966, bayan shekara 55, aka ba Rous kyautar Nobel, yana tsoho tukuf.

Wannan bairos ne Temin ya ɗauka. A 1958, shi da wani mai bincike Harry Rubin suka ƙirƙiro hanyar ƙirga shi. Za su shimfiɗa ƙwayoyin jikin ɗan tsako a faranti, su zuba bairos, bayan 'yan kwanaki duk inda ya kama sai ƙwayoyin su rikiɗe su yi tsibi. Ka ƙirga tsibin, ka san yawan bairos. Aikin kamar ƙarami, amma shi ya mayar da binciken daga hasashe zuwa lissafi.

Yana cikin wannan kallo na yau da gobe ya lura da abu biyu. Na farko, ƙwayar da bairos ya rikitar, idan ta rabu biyu, 'ya'yanta ma a rikice suke fitowa, haka jikokinta, ba ranar dawowa daidai. Na biyu, idan bairos ɗin ya ɗan sauya, siffar ƙwayoyin da ya kama ita ma sai ta sauya, daga zagayayyu zuwa dogaye. Sai ya ce a ransa, wannan fa kamar gado ne. Kamar bairos ɗin ya rubuta kansa a cikin littafin gadon ƙwayar.

Inda gizo ke saƙa

Matsalar ita ce, a ilimin lokacin hakan bai kamata ya yiwu ba. Bari in kwatanta muku da abin da kuka sani.

Ku ɗauki DNA a matsayin ainihin rubutun da mutum ya wallafa a shafinsa. Idan jiki yana son aiki da wani ɓangare, sai ya ɗauki hotonsa, kamar yadda kuke sikirinshot, ya tura wa ma'aikata. Wannan kwafin shi ne RNA. Ma'aikatan su duba shi su ƙera furotin, wanda da shi ake gina jiki ake tafiyar da shi. Daga DNA zuwa RNA, daga RNA zuwa furotin. Akasarin masana sun ɗauka titin nan hannu ɗaya ne. Sikirinshot ai ba ya komawa ya gyara ainihin rubutu.

To shi bairos ɗin Rous ba shi da DNA ko kaɗan, RNA kawai gare shi. Ta ina zai shiga littafin da aka rubuta da DNA?

A 1960 Temin ya samu aiki a cibiyar binciken kansa ta McArdle da ke jami'ar Wiskonsin, a garin Madison, yana ɗan shekara 25. Ɗakin gwajin da aka fara ba shi a ƙarƙashin ƙasa yake, bututan tururi na ratsawa ta ciki. A nan ya ci gaba. Ya zuba wa ƙwayoyin wani magani mai suna aktinomaisin D, wanda aikinsa shi ne hana karanta DNA. Idan da gaske bairos ɗin ba ruwansa da DNA, bai kamata maganin ya dame shi ba. Sai ga shi ya daina hayayyafa. Ya sake gwadawa da magungunan da ke hana ƙera sabon DNA, ya ga idan aka sa su da wuri bairos ɗin ba ya iya kama ƙwayar.

A 1964 ya fito fili ya faɗi abin da ya fahimta: bairos ɗin yana juya RNA ɗinsa ya koma DNA, sannan ya liƙa shi cikin DNA ɗin ƙwayar da ya kama, ya zauna a can dindindin. Wannan ɓoyayyen kwafi ya kira shi purobairos.

Shekarun dariya

Kusan ba wanda ya yarda. A taruka ana sauraronsa don ladabi, a bayan fage ana ɗaga kafaɗa. Shekara shida yana maimaita magana ɗaya, ana kallonsa a matsayin haziƙin yaron da ya maƙale wa tatsuniya.

Amma fa a yi adalci, masu shakkar ba mahassada ba ne kawai. Hujjojin da ya kawo a lokacin ba su da ƙarfi sosai. Magungunan da ya yi amfani da su suna taɓa abubuwa da yawa a cikin ƙwaya, don haka ana iya fassara sakamakon ta wata hanya. Gwajin da ya yi don nuna DNA ɗin bairos a cikin ƙwayoyin, bambancin da ya samu ɗan kaɗan ne, na'urorin zamanin ba su kai ba. A kimiyya ba a karɓar magana don mai ita ya rantse.

Abin da ya raba Temin da mai taurin kai na gari shi ne bai tsaya zagin masu sukarsa ba, kuma bai ce ana yi masa maƙarƙashiya ba. Komawa ya yi ɗakin gwaji yana neman hujjar da ba za a iya turewa ba. Tun kafin nan ya yi aure, a 1962, da Rayla Greenberg, ita ma masaniyar ilimin gado, suka haifi 'ya'ya mata biyu. Yana koyarwa, yana kiwon ƙwayoyinsa, yana jira.

1970: ranar wanka

A 1969 wani matashin mai bincike daga Japan, Satoshi Mizutani, ya zo aiki wurinsa. Suka sauya tambayar. In dai bairos yana juya RNA zuwa DNA, dole akwai ma'aikacin da ke wannan aiki, wato wani sinadari. Ina yake ɓuya? Suka yi zargin bairos ɗin da kansa yake zuwa da shi a cikin jakarsa. Suka tara bairos, suka fasa rigarsa da wani abu mai kama da sabulu, suka zuba masa tubalan da ake gina DNA da su. Sai ga DNA yana fitowa. Da suka lalata RNA ɗin tun farko, aikin ya tsaya cak. An kama ɓarawo da kaya a hannu.

Temin ya sanar da haka a wani babban taron masana kansa a birnin Houston, a watan Mayun 1970. A daidai wannan lokaci, wani matashi a jami'ar MIT, David Baltimore, ya gano irin wannan sinadari a bairos ɗin da ke sa wa ɓeraye kansar jini, ba tare da ya san abin da ake yi a Madison ba. Abin mamaki, sun san juna tun a cibiyar Jackson, kuma kwaleji ɗaya suka yi. Mujallar Nature ta buga rahotanninsu biyu kafaɗa da kafaɗa a watan Yunin 1970.

Sinadarin nan mu kira shi mai kwafin baibai, don yana kwafi ne daga RNA ya koma DNA, akasin yadda aka saba. Daga nan ne dangin waɗannan ƙwayoyin cuta suka samu sunan ritirobairos, wato masu komawa da baya. Cikin 'yan makonni wasu ɗakunan gwaji suka maimaita aikin suka samu abu ɗaya. Dariya ta ƙare.

A 1975 aka ba Temin da Baltimore da malaminsa Dulbecco kyautar Nobel a fannin likitanci. Mizutani, wanda da hannunsa aka yi gwajin, bai shiga cikin waɗanda aka ba ba.

Baƙin da suka zama 'yan gida

Yanzu mu dawo kan kashi 8 ɗin nan. Idan ritirobairos ya kama ƙwayar fata ko ta jini, labarinsa yana ƙarewa da mutuwar mai jikin. Amma idan aka yi dace ya liƙa kansa a cikin ƙwan mace ko ƙwayar maniyyi, kuma aka samu haihuwa da wannan ƙwaya, to jaririn zai fito da rubutun bairos a duk jikinsa, ya kuma gadar wa 'ya'yansa kamar yadda ake gadon tsawo ko launin fata.

Tun ƙarshen shekarun 1960 wani masani ɗan Birtaniya, Robin Weiss, da wasu suka fara ganin alamun haka a lafiyayyun kaji da ɓeraye. Su ma an yi musu shakka, don ba a san ta yadda zai yiwu ba. Gano mai kwafin baibai ne ya buɗe ƙofar. A 1981 aka zaƙulo irin wannan rubutu a DNA ɗin mutum. Da aka fitar da daftarin farko na kundin halittar ɗan Adam a 2001, sai aka ga yawansu. Don ku gane girman abin, ɓangaren da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin kai tsaye bai kai kashi 2 cikin 100 ba.

Kada hankalin kowa ya tashi. Masana sun ƙiyasta cewa akasarinsu sun shiga ne miliyoyin shekaru da suka wuce, kuma tsawon zamani ya farfasa su, sun zama kamar tsofaffin motocin da suka ruɓe a garejin makanike. Jiki kuma yana da hanyoyin garƙame su don kada a karanta. Har yau ba a samu wanda ke tashi ya yaɗu daga mutum zuwa mutum ba. Amma a 2006 wasu masana a Faransa, ƙarƙashin Thierry Heidmann, sun harhaɗa guntayen wani danginsu mai suna HERV-K a ɗakin gwaji, suka samu bairos mai iya kama ƙwayoyi, ko da yake da rauni. Wannan ya tabbatar da asalinsu. A Ostireliya kuwa, ana kallon abin yana faruwa ido da ido a jikin dabbar nan kowala, inda wani ritirobairos ke kan shiga gadonta yanzu haka.

Wasu ma jiki ya ɗauke su aiki. A shekarar 2000 aka gano cewa wani furotin mai suna sinsitin, wanda ke haɗe ƙwayoyin mabiyiya su zama shimfiɗa ɗaya tsakanin jinin uwa da na ɗan tayi, asalinsa daga rigar wani tsohon bairos ne. Da can da shi bairos ke manne wa ƙwaya ya shige. Yau ta wannan shimfiɗa abinci da iska ke isa ga jariri a ciki. A 2016 kuma wani bincike ya nuna wasu guntayen suna aiki kamar makunni, suna taimakawa wajen tada garkuwar jiki idan cuta ta shigo.

To ina batun cuta?

Nan ne ake buƙatar natsuwa, don nan ne masu neman mabiya a TikTok da Facebook suke cin kasuwa. Abin da aka tabbatar shi ne, a wasu cututtuka ana samun waɗannan tsofaffin rubuce-rubuce sun farka ana karanta su fiye da ƙima. An ga dangin HERV-K a farke a kansar maraina da wata kansar fata. An gan su a ƙwaƙwalwar wasu masu cutar ALS, irin wadda ta shanye jikin masanin nan Stephen Hawking. An kuma danganta dangin HERV-W da cutar MS, wadda garkuwar jiki ke cinye rigar jijiyoyi.

Sai dai ganin mutum a wurin gobara bai nuna shi ya kunna wutar ba. Yana iya yiwuwa su ne ke haddasa ɓarnar, yana iya yiwuwa cutar ce ta ɓalle makullin da ke tsare su, yana kuma yiwuwa duka biyun ne, su farka su ƙara rura wutar. Masana na kan wannan muhawara. A ɓeraye an tabbatar irin waɗannan bairos na gado suna iya jawo kansa, a mutum kuwa hujjar ba ta kai nan ba. Akwai ma masu ƙoƙarin juya abin ya zama makami: tunda ƙwayar kansa tana fito da furotin ɗin tsohon bairos, ana iya koya wa garkuwar jiki ta gane ta da wannan tambari ta kai mata hari. Don haka duk wanda ya ce muku yana da maganin wanke bairos daga DNA, ku riƙe kuɗinku.

Abin da ya shafe mu kai tsaye

Wani zai ce to mu ina ruwanmu da Bature da kajinsa? Da ruwanmu ƙwarai. HIV ritirobairos ne. A 1983, da masana a cibiyar Pasteur ta birnin Paris suke farautar abin da ke haddasa ƙanjamau, alamar da ta nuna musu sun kama shi ita ce aikin mai kwafin baibai. Maganin farko da aka amince da shi a 1987, AZT, wannan sinadari yake toshewa. Ƙwayar maganin da akasarin masu HIV ke karɓa yau a asibitocin Najeriya haɗin magani uku ce: biyu suna toshe mai kwafin baibai, na ukun yana hana bairos liƙa kansa cikin DNA.

Purobairos ɗin Temin shi ne kuma dalilin da ya sa likitoci ke nacin kada a daina shan maganin. Magani yana hana bairos hayayyafa har a kasa ganinsa a gwajin jini, amma kwafinsa yana nan kwance cikin DNA ɗin wasu ƙwayoyin garkuwa. Ka daina sha, ya farka. A lura kuma, HIV ba ya cikin waɗanda ake gado ta ƙwai ko maniyyi. Jariri yana ɗauka ne daga uwa lokacin ciki ko haihuwa ko shayarwa, kuma magani yana tare wannan hanya. Shi ya sa gwaji lokacin awon ciki yake da muhimmanci.

Ko gwajin korona da aka riƙa zura wa mutane tsinke a hanci, da mai kwafin baibai ake fara juya RNA ɗin bairos ya koma DNA kafin na'ura ta iya gano shi.

Ƙarshen tafiya

Bikin Nobel na 1975 ya faɗo ranar 10 ga Disamba, ranar da Temin ya cika shekara 41. A wurin liyafar, gaban sarkin Suwidin da manyan baƙi, bai tsaya ga godiya kawai ba. Ya nuna ɓacin ransa cewa ga hanya sananniya ta hana kansa mai yawa, wato barin shan taba, amma duniya ta ƙi ɗauka da gaske. Mutumin da aka karrama kan bairos da kansa, shi ne ke tuna wa jama'a cewa sigari ya fi bairos ɗinsa kisa. Ya ci gaba da wannan yaƙi har gaban 'yan majalisa.

Suna bai sa ya bar Madison ba. Ya ci gaba da koyarwa, yana zuwa aiki a ƙafa ko a keke ta wata hanya da ke bakin tafki. Ya yi nazarin yadda ritirobairos ke saurin sauya kama, ilimin da ya taimaka wajen gane dalilin da HIV ke bijire wa magani ɗaya. Ya zauna a kwamitocin ba gwamnati shawara kan ƙanjamau. A 1992 aka ba shi lambar kimiyya ta ƙasar Amurka.

A wannan shekarar ce aka gano yana da kansar huhu, shi da bai taɓa shan taba ba. Irin tasa tana cikin waɗanda ke kama har marasa shan sigari. Ya mutu ranar 9 ga Fabrairu, 1994, yana da shekara 59, shekara bakwai kafin a buɗe kundin halittar ɗan Adam a ga yawan sawun da ritirobairos suka bari a ciki. Hanyar bakin tafkin nan yanzu sunansa take ɗauke da shi.

Matasa, a zamanin nan kowa ya kawo shirme aka ƙaryata shi sai ya ce ai haka aka yi wa manyan masana. Ku tambaye shi ina gwajinsa, kuma wa ya maimaita ya samu abu ɗaya. Temin ya sha dariya shekara shida, amma abin da ya fitar da shi kunya gwaji ne da kowane ɗakin bincike zai iya yi da kansa ya gani.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.